Oksijinez da aikinsu a jiki: amsa ga wata ɗalibar harhaɗa magunguna

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen harhaɗa magunguna, ina aji biyu. Tun a sakandare aka koya mana cewa amfanin oksijin shi ne ƙona abinci a samu ƙarfi. Yanzu kuma ga wasu enzayim ana ce musu oksijinez, ga oksidez, na kasa rarrabe su. Sannan kowane darasin magani sai an ambaci P450. Don Allah mene ne ainihin aikinsu, kuma me ya sa ya zama dole mai harkar magani ya san su?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya yi wa karatu albarka. In na fahimce ki, abu biyu kike nema: me ya raba oksijinez da oksidez alhali duka biyun da oksijin suke aiki, sannan me ya jawo su cikin darasin magani har ba a wuce shafi ba a ambaci P450 ba. Amsar ta biyu daga ta farko take fitowa, don haka daga can za mu faro.

Abin da aka koya miki a sakandare gaskiya ne, amma da saura. Kusan kashi 90 cikin 100 na oksijin da mutum ke shaƙa a cikin maitokondiriya, wato ɗakunan samar da ƙarfi na ƙwayoyin jiki, yake ƙarewa, inda wani enzayim (furotin mai hanzarta aikin sinadarai) mai suna saitokurom oksidez yake ɗora masa ilektiron huɗu da haidurojin, ya koma ruwa. A nan oksijin mai karɓa ne kawai. Ya karɓi ilektiron ɗin da aka zare daga abinci, ya tafi abinsa, ko atam ɗaya nasa bai shiga jikin sinadarin da ake sarrafawa ba. Haka duk oksidez suke, wasu su fitar da ruwa, wasu su fitar da haidurojin feroksaid. Su kuwa oksijinez, ɗauko atam ɗin oksijin suke yi daga iskar, su dasa shi a jikin sinadarin har ya zama ɓangarensa. Shi ya sa nake ce wa ɗalibaina, kafin su ba enzayim suna, su tambayi kansu ina atam ɗin oksijin ya tafi. In ya ƙare a ruwa ko feroksaid kaɗai, oksidez ne. In an gan shi a jikin abin da aka samar, oksijinez ne.

Iskar oksijin atam biyu ce a haɗe, O2. Akwai oksijinez da ke dasa duka biyun, su ne dayoksijinez. Akwai masu dasa ɗaya su mayar da ɗayan ruwa, su ne monoksijinez, kuma su ba sa aiki sai an ba su ilektiron biyu, galibi daga NADPH, sinadarin da ke ɗauko ilektiron a jiki. Lissafin da za ki riƙa gani ke nan: RH + O2 + NADPH + H+ → ROH + H2O + NADP+. RH shi ne sinadarin da ake sarrafawa, ROH kuma shi ne bayan an dasa masa oksijin. Kada suna ya ruɗe ki. Tsofaffin littattafai suna kiran monoksijinez da oksidez mai aiki biyu, da yawa daga cikinsu kuma sunansu na yau da kullum haidiroksilez ne. Lissafin za ki duba.

Yadda aka gano su

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, ra'ayin da ya yi kane-kane a fagen nan shi ne na Heinrich Wieland, Bajamushen da aka ba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai ta 1927. A ganinsa, abin da jiki ke yi shi ne zare haidurojin daga sinadari, in kuwa aka ga oksijin ya ƙaru a jikin abin da aka samar, to daga ruwa ya zo. Yana da hujja, don a zagayen Krebs, wato hanyar da jiki ke bi wajen ƙona abinci, haka abin yake: a ƙara ruwa, sannan a zare haidurojin. Masana suka ɗauka ko'ina haka ne.

Osamu Hayaishi, wani masani ɗan Japan, ya fara aikinsa a Osaka bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da kayan aiki suka yi ƙaranci, sai ya koma nazarin bakteriyar da ke cikin ƙasa. A jikin bakteriyar Pseudomonas ya samu wani enzayim da ke fasa zoben sinadarin katikol ya mayar da shi asid ɗin mukonik, kuma atam biyu na oksijin suna ƙaruwa a hanya. Daga ina suka zo? A 1955, yana aiki a cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Amurka da ke Bethesda, ya yi gwajin da ya raba gardama. Akwai wani nau'in oksijin mai ɗan nauyi, oksijin-18, wanda bai wuce atam 2 cikin 1,000 ba a cikin iskar duniya, kuma na'ura tana iya bambanta shi da na yau da kullum. Ya gudanar da gwajin sau biyu. A ɗaya ya sa mai nauyin a cikin iskar, a ɗayan ya sa shi a cikin ruwan. Da ya auna asid ɗin da ya fito, sai ya tarar da mai nauyin a cikinsa a gwajin iska kaɗai, na ruwa bai shiga ba. A wannan shekarar dai Howard Mason, a makarantar likitanci ta Jami'ar Oregon, ya nuna irin haka da enzayim ɗin da ke sarrafa sinadaran fenol, sai dai shi atam ɗaya ya ga ya shiga. Ke nan a shekara guda aka samu dayoksijinez da monoksijinez, kowa da nasa binciken.

Ina son wannan gwaji ƙwarai, kuma ba na tsallake shi a aji, saboda ɗalibi yana iya bin hujjarsa da kansa daga farko har ƙarshe ba sai ya haddace komai ba.

Me ya sa sai da ƙarfe

Ga abin da ya kamata ya ba ki mamaki. Kashi 21 cikin 100 na iskar da muke zaune a ciki oksijin ne, kuma in sukari ko kitse ya haɗu da shi, zafi mai yawa yake fitowa. Duk da haka sukari yana shekara a kwano bai kama da wuta ba. Dalilin yana cikin tsarin O2 ɗin kansa. Yana da ilektiron biyu da ba su da abokan haɗi, kuma duka biyun fuska ɗaya suke juyawa. Sinadaran jikinmu kuwa ilektiron ɗinsu bibbiyu suke, kowane biyu suna juyawa a saɓanin juna. Dokar ilektiron ba ta yarda irin waɗannan biyu su haɗu kai tsaye cikin sauƙi ba, shi ya sa haɗuwar take da matuƙar jinkiri in ba a kunna wuta ba. Wannan rahama ce, da ba haka ba rayuwa a cikin iska ba za ta yiwu ba.

Aikin oksijinez shi ne ya ƙetare wannan shinge a wuri guda ƙayyadadde, a kan sinadari guda, a kan kabon guda. Yawancinsu da ƙarfe suke yi, wato ayon irin na cikin jini, wasu da jan ƙarfe, wasu kuma da filabin, wanda jiki ke samu daga bitamin B2. Waɗannan suna iya miƙa ilektiron ɗaya bayan ɗaya, abin da O2 ke karɓa ba gardama. Da ya karɓa sai ya zama mai tsananin zafin nama, har yana iya karya haɗin kabon da haidurojin, wanda yana cikin haɗin da suka fi wuyar karyawa. Masana'antun sinadarai sukan nemi zafi mai yawa da matsi kafin su yi haka, jiki kuwa a digiri 37 yake yi. Amma akwai farashi. Wani lokaci oksijin ɗin da aka tayar yakan kuɓuce daga hannun enzayim kafin a gama aiki, ya fita a matsayin sufa'oksaid ko feroksaid, ya taɓa abin da bai kamata ba. Saboda haka jiki yake tanadar gulutatayon da wasu enzayim masu share irin wannan ɓarna. Riƙe sunan gulutatayon, za mu sake haɗuwa da shi.

Abin da suke ginawa da abin da suke rushewa

Zan bi waɗannan da sauri, don kowanne darasi ne mai zaman kansa. Kolajin, furotin ɗin da ke riƙe fata da jijiya da dasashi, ba ya yin ƙwari sai wani dayoksijinez ya dasa oksijin a kan furolin, ɗaya daga tubalan da aka gina shi da su, shi kuma wannan enzayim yana buƙatar bitamin C don ƙarfensa ya zauna a yanayin aiki. In bitamin C ya yanke, dasashi ya fara zubar da jini, rauni ya ƙi warkewa. Wannan ita ce cutar da ta riƙa kashe matuƙan jiragen ruwa, wadda James Lind ya gwada lemo a kanta a 1747. Homon ɗin da ake ƙerawa daga kolestarol, irin su kotisol da istirojin da testosteron, oksijinez ne ke sassaƙa su mataki-mataki. Bitamin D ma ba ya aiki sai an dasa masa oksijin sau biyu, na farko a hanta, na biyu a ƙoda. Karotin ɗin manja da karas da zogale, wani oksijinez ne a hanji ke raba shi biyu ya zama bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi. Dofamin da serotonin na ƙwaƙwalwa, hanyar haɗa kowannensu tana bi ta hannun monoksijinez.

Biyu daga ciki sun cancanci a ɗan tsaya. Jar ƙwayar jini tana yin kamar kwana 120 kafin saifa ta rushe ta. Zoben him, wato sinadari mai ƙarfe da ke ɗaukar oksijin a cikinta, him oksijinez ne ke fasa shi, ya fitar da ƙarfen don a sake amfani da shi, ya bar koren sinadari bilibadin, wanda ake mayarwa bilirubin mai launin rawaya. In jini yana fashewa fiye da yadda hanta za ta iya kwashewa, bilirubin ya taru, ido ya yi rawaya, shi ne shawara. Mai sikila, wanda ƙwayoyin jininsa ba sa wuce kwana 10 zuwa 20, wannan enzayim ba ya hutawa a jikinsa. Jariri sabon haihuwa kuma hantarsa ba ta gama nuna ba, shi ya sa shawara ta yi yawa a makon farko, kuma in ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa, don haka asibiti ake kai shi a sa shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske.

Na biyu shi ne yadda jiki ke sanin oksijin ya yi ƙaranci. Akwai wani furotin, HIF, da jiki ke ƙerawa kullum yana kuma rushewa kullum. Alamar rushe shi ita ce atam ɗin oksijin da wani dayoksijinez, ɗan'uwan na kolajin, ke dasa masa. In oksijin ya yi ƙasa, enzayim ɗin ya rasa kayan aiki, HIF ya tsira ya taru, ya umarci ƙoda ta saki homon ɗin da ke sa ɓargo ƙera jini. A kan wannan aka ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel a 2019, kuma yanzu akwai magungunan ƙarancin jini na masu ciwon ƙoda, irin su roksadustat, da ke aiki ta hanyar danne wannan enzayim.

Sai saikulo'oksijinez, wato COX, wanda za ki yi ta hulɗa da shi har ki yi ritaya. Yana dasa O2 guda biyu a kan wani kitse mai suna asid ɗin arakidonik, daga nan ake samun furostagilandin masu kawo kumburi da zafin ciwo da zazzaɓi. A 1971 John Vane ya nuna cewa asfirin toshe wannan hanya yake yi. Ibufurofen da daikulofenak ma haka. Matsalar ita ce furostagilandin ɗin nan su ne kuma ke kare bangon ciki daga asid, suna taimaka wa jini ya gudana a ƙoda. Leburan da ke shan daikulofenak kullum don ciwon jiki, hanyar gyambon ciki da ciwon ƙoda yake sharewa. Asfirin kuma ya fita daban, don shi lalata enzayim ɗin yake yi gaba ɗaya, ƙwayoyin daskarar da jini kuwa ba sa iya ƙera sabo, sai an jira sababbinsu nan da kwana 7 zuwa 10. Dalilin da ya sa ɗan ƙaramin awo, miligiram 75, yake isar mai ciwon zuciya ke nan.

A ɗakin gwaji abin da nake nuna wa ɗalibai da ido shi ne tairosinez, enzayim mai jan ƙarfe da ke fara haɗa melanin, launin fatarmu. Danginsa ne ke sa yankakken dankali ko doya su sauya launi in sun sha iska. Mukan markaɗa dankali mu tace, mu raba ruwan a kwalaben gwaji, mu tafasa ɗaya, mu ɗiga ruwan lemon tsami a ɗaya, mu bar ɗaya yadda take, sannan mu zuba katikol. Wadda aka bari ce kaɗai ke yin duhu nan take. A nan nake ja musu kunne: wannan matakin da suka gani aikin oksidez ne, don katikol ya riga ya zo da oksijin ɗinsa biyu, haidurojin kawai aka zare. In ana son ganin aikin oksijinez, sai a ba enzayim ɗin fenol mai oksijin ɗaya kamar tairosin, a jira ya dasa na biyu. Enzayim guda ne yake ayyukan biyu, kuma a takardun jarrabawa a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe.

Tsirrai ma suna da nasu labarin. Rubisko, enzayim ɗin da ke kama kabon dayoksaid a ganye, yakan kama oksijin a madadinsa kusan sau ɗaya cikin huɗu ko biyar, abin da ke jawo wa tsiro asara, kuma asarar tana ƙaruwa da zafin rana. Gero da dawa da masara da rake suna da dabarar tara kabon dayoksaid a kewayen enzayim ɗin don kada oksijin ya samu shiga. Shinkafa da alkama ba su da ita. Wannan yana cikin dalilan da suka sa gero da dawa ke jure zafin ƙasarmu.

P450 da hanta

Yanzu ga tambayarki ta biyu. A 1958 masu bincike suka lura da wani abu mai launi a cikin hanta da ke kama kabon monoksaid. A 1962 Tsuneo Omura da Ryo Sato a Osaka suka nuna furotin ne mai him, kuma in ya kama kabon monoksaid yana shanye haske mai tsawon nanomita 450, lambar da ta zama sunansa. Shekara guda bayan haka Ronald Estabrook da abokan aikinsa a Amurka suka tabbatar monoksijinez ne. Ɗan'adam yana da ƙwayoyin gado 57 na wannan dangi. CYP ne gajeren sunan dangin. Kaɗan daga ciki, irin su CYP3A4 da CYP2D6 da CYP2C9 da CYP2C19 da CYP1A2, su ne ke sarrafa mafi yawan magungunan da za ki miƙa wa mutane.

Magani ba ya ratsa bangon hanji ya shiga jini sai yana ɗan narkewa a mai. Wannan halin ne kuma ke hana shi fita, don in ƙoda ta tace shi sai ya sake sulalewa ya koma jini. Kamar tukunya ce mai santsi da ba ta da mariƙi, ba inda za a kama a ɗauke ta. P450 ne ke sa mata mariƙin, wato OH ɗin da ke cikin lissafin can na sama. Daga nan wasu enzayim su kama wurin su ɗaura asid ɗin gulukuronik ko salfet, sinadarin ya zama mai narkewa a ruwa, ya fita ta fitsari ko ta ruwan matsarmama.

Abin da nake so ya zauna miki shi ne wannan: enzayim ɗin dasa oksijin kawai ya sani. Sau da yawa dasawar tana kashe ƙarfin magani, wani lokaci tana tayar da shi, wani lokaci kuma tana mayar da abu marar lahani guba. Fahimtar haka ita ce ke raba mai harhaɗa magani da mai sayar da ƙwaya.

Ɗauki farasitamol. Mafi yawansa hanta tana ɗaura masa gulukuronik ko salfet kai tsaye. Ɗan kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100, yana bi ta hannun P450, musamman CYP2E1, ya zama NAPQI, guba mai cin ƙwayoyin hanta. A awo na daidai gulutatayon yana cafke shi nan take. In aka sha fiye da kima, hanyoyin farko su cika, NAPQI ya yi yawa, gulutatayon ya ƙare, hanta ta fara mutuwa. Abin tsoron shi ne a ranar farko mutum yana iya zama garau, alamun ba sa bayyana sosai sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. Maganinsa asitailsistin ne, wanda ke mayar da gulutatayon, kuma ya fi aiki cikin awa 8 na farko. Iyakar babban mutum giram 4 ce a rana, ƙwaya 8 ke nan masu miligiram 500, mai shan giya da mai fama da tamowa kuma haɗarinsu ya fi kusa. Inda na fi jin tsoro shi ne mai mura da ya sha farasitamol, ya ƙara da haɗaɗɗen maganin mura, bai san akwai farasitamol a cikinsa ba. Ke ce za ki tare wannan a bakin kanta.

Aflatoksin ya fi wannan ciwo a raina, don ya shafi abincinmu. Funfuna mai suna Aspergillus flavus ce ke fitar da shi a jikin gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba. An gano shi bayan mutuwar talo-talo sama da 100,000 a Ingila a 1960, waɗanda aka ciyar da su tunkuzar gyaɗa daga Brazil. Shi kansa aflatoksin B1 ba ya kama DNA. CYP1A2 da CYP3A4 ne ke dasa masa atam ɗin oksijin, ya zama ifoksaid, shi kuma ifoksaid ɗin ya manne wa DNA, ya lalata ƙwayar gadon p53 mai hana sankara. In mutum yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, haɗarin sankarar hanta ya ninka sau da yawa. In kuma gubar ta yi yawa a lokaci guda, kisa take yi kai tsaye, kamar yadda ya faru a Kenya a 2004, inda mutum 125 suka rasu bayan cin gurɓatacciyar masara. Suya da dafuwa ba sa kawar da ita. Mafita tana gona da rumbu: a busar da kyau, a tsince mai funfuna a zubar, kada a mayar da ita ƙuli-ƙuli ko abincin kaji. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona don wata funfuna marar guba ta mamaye wurin mai gubar. Rigakafin ciwon hanta nau'in B ma yana cikin maganin.

Kodin kuma misalin tayarwa ne. Ƙarfinsa na kashe ciwo yana zuwa ne daga ɗan kason da CYP2D6 ke mayarwa mofin, tiramadol ma wannan enzayim ne ke fito da babban ƙarfinsa. Mutane kuwa sun bambanta a gado. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na Turawa ba su da wannan enzayim mai aiki, kodin ba ya yi musu komai. Wasu kuma suna da kwafin ƙwayar gadon fiye da biyu, kuma wani bincike a Habasha ya samu haka a kusan kashi 29 cikin 100 na waɗanda aka gwada. Irin waɗannan, awo na daidai yana iya danne musu numfashi. Saboda yaran da suka mutu ta wannan hanya ne hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 kodin da tiramadol a 2017. Najeriya ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018 saboda shaye-shaye. In kin ji an ce matasa biyu sun sha kwalba iri ɗaya, ɗaya ya tashi ɗaya bai tashi ba, bambancin gadon nan yana cikin abubuwan da kan iya jawo haka.

Magani kuma yana iya danne P450 ko ya ƙara yawansa, a nan ne karon magani da magani yake fitowa. Kilaritiromaisin da ketokonazol, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, suna danne CYP3A4, sai duk maganin da ke bi ta wannan hanya ya taru a jini. Wani lokaci da gangan ake yin dannewar: ritonabir ana haɗa shi da wasu magungunan ƙanjamau don su daɗe a jiki. Ko gidan sauro wannan dabara ta shiga. Sauron da ke yaɗa zazzaɓi ya ƙara yawan P450 ɗinsa har yana rushe maganin da ke jikin gidan sauro kafin ya kashe shi, sai aka fito da gidajen sauro masu sinadarin PBO, wanda ke toshe enzayim ɗin sauron. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a 2017 bayan gwaji a Tanzaniya.

A nan ya dace in faɗi iyakata. Ni malamin aji da ɗakin gwaji ne, ba na rubuta wa marar lafiya magani. Ilimin da na ba ki yana nuna inda abu zai karkata, ko magani zai taru ko zai ragu, amma awon da za a ba wani mutum takamaimai aikin likita ne tare da littafin ƙa'idar magunguna, bayan an duba shekarunsa da hantarsa da ƙodarsa. Haka kuma alƙaluman gado na al'umma ne, ba a karanta enzayim ɗin mutum a fuskarsa ko ƙabilarsa. Maganin gargajiya ma sinadarai ne da ke bi ta hanta, kuma an tabbatar wasu ganyayyaki suna ƙara yawan CYP3A4, don haka ki tambayi kowa abin da yake sha na gida, cikin ladabi yadda ba zai ɓoye miki ba.

Wanda za ki fi cin karo da shi a aiki shi ne rifamfisin, ginshiƙin maganin tarin fuka, wanda ake sha wata shida. Yana sa hanta ta ƙera P450 da yawa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wafarin, maganin hana daskarewar jini, ya rasa ƙarfi, atimita-lumefantirin na zazzaɓin cizon sauro ya ragu sosai a jini, ƙwayoyin tazarar haihuwa da abin da ake sakawa ƙarƙashin fatar hannu su daina zama abin dogaro. Macen da aka ɗora a kan maganin tarin fuka tana bukatar a zaunar da ita a gaya mata wannan tun ranar farko, a tura ta wurin ma'aikaciyar lafiya su duba allurar wata uku ko robar mahaifa, waɗanda rifamfisin ba ya karya su. Tasirin nasa kuma ba ya gushewa ranar da aka daina shan sa, don enzayim ɗin da aka tara sai sun ragu a hankali, shi ya sa ƙa'ida ta ce mai shan ƙwaya ta ci gaba da ƙarin kariya har kwana 28 bayan kammala maganin.